Waɗanda Ba Su Ɗaga Waya Ba

Aikin da aka fara ba ni a duniya shi ne in zauna a wani ɗan ɗaki ina buga wa mutane waya ina tambayarsu ya bayansu. Wani ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a kan hanyar Godomey, inda ake tiyatar ƙashin baya. Na je ne sitaj, zaman koyon aikin nan na 'yan watanni bayan gama karatu, kuma ba ƙwazona ya sa aka ɗauke ni ba. Marasa lafiya da yawa daga Zongo suke zuwa, Faransancinsu na ciniki ne kawai, ma'aikatan kuma babu mai jin Hausa. Idan likita zai ga ɗan unguwarmu sai a kira ni in yi tafinta. Idan babu kowa sai in koma ɗakina, ga waya ga kwamfuta, in bi waɗanda aka yi wa aiki a watannin baya. Ciwon ya ragu? Kuna iya tafiya? Kun gamsu? Za ku shawarci ɗan'uwanku ya zo?

Na so aikin nan fiye da yadda ya cancanta. A lokacin ni yarinya ce mai rubuta waƙoƙi a kan teku, alhali duk zuwana bakin ruwan Fidjrossè ban taɓa barin ruwa ya wuce idon sawuna ba. Muryoyin da ke fitowa daga wayar sun yi mini daidai: ga mutane, ga labari, kuma ba sai na jiƙa zanena ba.

Ina kuma ganin kaina da wayo. Na san mutanenmu, ko mutum na mutuwa ka ce masa ya jiki zai ce da sauƙi. Saboda haka ba na tsayawa a nan. Sai in ce, “Hajiya, kuna iya hawa zem?” domin duk wanda ya iya zama a bayan babur ɗin haya a kan ramukan Kwatano, bayansa ya warke. Ko in ce, “Alhaji, ruku'u fa, yana yiwuwa?” Sai su yi dariya su ba ni gaskiya. Mafi yawansu sun ji daɗin aikin. Wata ta sa ni na saurari ƙarar turminta don in tabbatar da kanta take daka.

Akwai kuma waɗanda ba sa ɗagawa. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji, ko kuma wata mata ta fito ta gaya mini da Faransanci mai sanyi cewa ba a samun wanda nake nema. Na ji muryar matar nan har na fara ɗaukarta ƙawa. In sake gwadawa wata rana, in sake, daga nan in rubuta cewa bai amsa ba. Kwamfuta sai ta ture irin waɗannan gefe guda, ta yi lissafinta da sauran, ta zana wata da'ira koriya shar mai ɗan ja siriri a gefe, kamar an yi wa kankana ɗanɗano. An buga hoton an manna a ɗakin jira. Duk safiya sai na tsaya na kalle shi kamar ni na warkar da su.

Su marasa amsawar ban bar su haka ba, na yi musu rayuwa. A raina duk sun warke ne har ba su da lokacina. Mai ciwo ai shi ke kwance da waya a gefen matashi. Wanda ya miƙe yana kasuwa, cikin hayaniya, ina zai ji? Wanda na fi yi wa ado shi ne wani dillalin albasa, dattijo mai farin gemu da na yi wa tafinta kafin a shiga da shi. Ya gaya wa likita cewa shi ba ya son komai sai ya sake hawa bayan tirela ya duba kayansa da idonsa. Duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara ba a ɗaga ba, sai in gan shi tsaye a kan tulin buhunan albasa, babbar riga na kaɗawa, yana daka wa masu dako tsawa, ni kuma ina kuka a aljihunsa kamar ɗan tsako. Har waƙa na fara yi masa. Allah ya rufa asiri ban gama ba.

A gida kuwa akwai bayan da ban taɓa tambaya a waya ba, na Babana. Dardumai da barguna yake sayarwa, kuma tun yana saurayi shi ke sauke dilarsa da kansa. Ciwon ya fara a ƙugu, ya gangara ta ƙafar hagu har babban yatsa. Ya ce kamar an zare wayar lantarki an saka masa a cikin cinya. An sha magani, an yi gashi, an yi tausa, an yi ƙaho. A ƙarshe ya koma salla a kan farar kujerar roba, kuma wannan ya fi ciwon ci masa rai. Ya daina zuwa sahun gaba don kada a gan shi. Rabon goshinsa da ƙasa ya daɗe.

Ni na kai shi wurin likitanmu. Aka ɗauki hoto, likita ya nuna wurin da wani abu ya zamo tsakanin ƙasusuwa ya danne jijiya, ya ce ana iya yin aiki, amma Baba ya je ya yi tunani. Baba ya yi tunani, tunanin kuma ɗaya ne: kada a taɓa ƙashin bayansa ya tashi ba ƙafa. Inna, mahaifiyata, ba ta ma son a ambaci maganar.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Baba ba ya kiran sunana, uwata yake ce mini. Wata rana da yamma ya ce, “Uwata, ke ce kike jin bakinsu. Waɗanda aka yanka ɗin, me suke cewa?”

Na gyara zama. Ban taɓa jin ilimina ya yi nauyi kamar ranar ba. Na ce, “Baba, kusan duk wanda na kira godiya yake. Wata har daka take yi.” Na ba shi labarin koriyar da'irar. Na ƙara masa da dillalin albasa, wanda aiki ya yi wa kyau har ba ya samun sukunin ɗaga waya. Wallahi lokacin da nake faɗa ban ji ina ƙara komai ba, domin na gan shi a kan buhunan nan sau da yawa.

Baba ya ce, “To, tunda uwata ta faɗa.” Washegari ya ce in karɓo masa ranar tiyata.

Ana saura 'yan makonni, Inna ta aike ni tashar Jonquet da saƙon gwaggona da ke Malanville: manja, gari, da busasshen kifi a ƙulle cikin kwali. An yi ruwa da asuba, layukan unguwa duk sun zama tafki, na tafi ina tsallake kwatami da kwali a ka. Ina neman direban da muka saba ba wa saƙo, sai na hango farin gemu ta tagar wata mota. Na san shi nan take. Dillalin albasana ne. Na matsa jikin tagar da murmushina duka.

“Alhaji! Ai na sani! Na ce kasuwa ce ta ɓoye ku. Ana tafiya saro albasa ke nan?”

Ya juyo da idonsa kawai, bai juyo da wuya ba. Ya ce, “A'a, 'yar asibiti. Sannu, 'yata.”

“Ya jikin?”

“Da sauƙi.”

Sai da na zagayo ta ƙofa don in gaishe shi da kyau na ga abin da taga ta ɓoye mini. An kwantar da kujerun baya an shimfiɗa katifa, yana kwance a kai, an tokare kansa da matasai har ya kai tsayin taga. An ɗaure sandunansa biyu a gefe. A bakin ƙofar matarsa ce zaune da kwanon sha a cinya, da ta gan ni sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar na kama ta da laifi.

Na durƙusa na gaishe ta, kwalin kifi har yanzu a kaina, don na manta da shi. Ta ce gida za su kai shi. Ƙafar ba ta dawo ba, ciwon ma ya ƙaru, 'yan'uwansa sun ce a kawo shi su yi jinyarsa a can.

Na ce, “Hajiya, na yi ta kira.”

“Muna gani, 'yata. Lambar asibitin ce, mun gane ta.” Ta sunkuyar da kai. “Bawan Allahn nan likita ya yi iya ƙoƙarinsa. Har ɗakin ya riƙa zuwa yana riƙe masa hannu. Yanzu mu buɗe baki mu ce masa aikinsa bai yi ba? Da wane ido? Alhaji ya ce a bar ta ta yi ta kuka.”

Daga cikin motar Alhaji ya ce, “Ki gaishe shi. Ki ce mun gode.”

Direbansu ya zo ya rufe ƙofa. Na tsaya a cikin caɓi ina kallon motar tana fita a hankali, ana kauce wa ramuka saboda shi. Man kifi ya ɗigo mini a goshi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba wani sabon abu na gano ba. A Zongo aka haife ni. Tun ina ƙarama nake jin ana cewa an tafi da wane gida. Duk wanda jinyarsa ta yi tsawo a nan ba a barinsa a ɗakin haya, arewa ake mai da shi, Kandi ko Gaya ko Dosso ko Sakkwato, wurin dangi. Idan ya tsallake iyaka layin wayarsa ya mutu, sai ƙawata mai Faransanci ta karɓi zancen. Na san wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu. Kawai da na zauna a gaban kwamfuta, sai na ajiye shi a bakin ƙofa tare da lemata.

Ranar Litinin na shiga wurin likita. Dogo ne, mai magana a hankali. Na yi zaton zai fusata ko ya yi mamaki. Sai ya cire tabarau ya murza ido, ya tambaye ni wace ƙafa ce, tun yaushe, ko akwai lambar wani ɗan'uwa a can. Ya ce shi ma hoton ɗakin jiran nan bai taɓa kwanta masa ba, domin ya san da'irar ta masu amsawa ce kaɗai. Abin da bai sani ba shi ne akwai masu yin shiru don kada su ɓata masa rai. Wannan ya sa ya daɗe yana kallon tebur. Na roƙi izini in bi 'yan unguwarmu da ƙafa, a matsayin dubiya, ya ce in je.

Na fita da sabon tabbaci, domin ni ba na iya zama ba tabbaci. Yanzu duk wanda bai amsa ba a raina yana kwance a kan katifa. Na sayi lemu a leda, na gyara fuskar jaje. Gidan farko na wata mai sayar da leshi ce. Na yi sallama da muryar makoki, sai ga ta ta fito daga ɗaki da dila a ka, jiya ta dawo daga Lome.

“Ke ce mai damuna da waya? Ni na ɗauka masu tallar nan ne na kamfani. Baya? Wane baya? Riƙe mini nan in sauke.”

Ta cinye lemuna biyu tana ba ni labarin bikin da ta yi rawa.

Wani gidan na tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabciya ta ce an tafi da shi gida tun kafin azumi. Wani wayarsa ce ta faɗa kwata, shi kuwa yana nan yana ɗingishi, bai warke sarai ba, bai kuma lalace ba. Wani tela ya karɓe ni a tsaye, ya ce ya ga kiran, bai ɗaga ba ne don in ya fara magana ba zai iya tsayawa ba, kuma ba ya son ya zagi mace. Wani gidan kuma, an tafi da ita gida. Na ji kalmar nan fiye da yadda na so, amma ba ita kaɗai na ji ba. Na dawo da ledar lemu babu komai, kuma ba ni da abin da zan zana. Kore bai yi ba, ja ma bai yi ba.

Saura Baba. Na yi kwana biyu ina zagaye shi kamar kaza. Rannan bayan la'asar na same shi a tsakar gida a kan farar kujerarsa, ƙafar hagu a miƙe a kan bokiti. Na zauna a ƙasa na gaya masa duka, har da tagar mota. Na ce abin da na faɗa masa gaskiya ne, amma gaskiyar waɗanda suka ɗaga waya ce. Sauran ban sani ba, kuma dillalin albasa ni na ɗora shi a kan buhu.

Inna ta saki muciya. “Kun ji ko! Ni dama na faɗa.”

Baba ya dube ni. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya dafe ƙugu don dariya na taɓa masa ciwon.

“Uwata, uwata. Wato kin tsaya a ƙofar masallaci da asuba kina tambayar masu fitowa ko barci na hana su salla.”

“Baba, ba abin dariya ba ne.”

“To kuka zan yi? Kifin gwaggon taki dai ya isa?”

Bai fasa ranar ba, bai kuma tabbatar ba. Ya ce in mai da shi wurin likita, yana da tambaya. A ɗakin nan na yi tafinta mafi wuya a rayuwata. Baba ya ce, “Tambaye shi, in bai yi ba, me zan zama?” Na juya maganar zuwa Faransanci, kuma wannan karon ban yi mata ado ba. Likita ya amsa dalla-dalla. Ya ce irin matsalar Baba ba iri ɗaya ba ce da ta kowa. Abin da ya fi sa rai shi ne zafin ƙafar ya tafi, ciwon ƙugu kuwa yana iya saura. Akwai wanda ba ya samun sauƙi, akwai wanda abin ke ƙaruwa, kuma ba zai yi rantsuwa a kan ko ɗaya ba. Na mai da wannan Hausa kalma bayan kalma, ina kallon Babana yana karɓa.

A hanya ya ce, “Wannan ya fi koren kankanarki.”

Ya yi istihara, ya kira ƙannensa. Sai wata safiya yana shan koko ya ce za a yi. Inna ta fara lissafin wanda zai karɓe shi a Malanville in abin ya ƙi. Baba ya ajiye ludayi.

“Ba inda za a kai ni. Kuma wayata a hannuna za ta zauna. In ya yi kyau zan ɗaga, in ya ɓaci zan ɗaga. Uwata, kin ji? Kada wanda ya yi mini kunya.”

Aka yi aikin. Ba zan ba da labarin ranar ba, domin abin da na iya tunawa kawai shi ne tayal ɗin barandar da na yi ta kallo. Ya farfaɗo, ya motsa yatsunsa duka, Inna ta yi kuka a cikin mayafi. Ya dawo gida yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, yana bin dokokin likita yana ƙorafi.

Watanni suka wuce, sitaj ɗina ya kusa ƙarewa, sai sunansa ya iso cikin waɗanda za a kira. Babbar nas ta ce bai dace 'ya ta tambayi ubanta ba. Muka duba asibitin kaf, babu wani mai jin Hausa. Ta ɗaga kafaɗa ta fita.

Na buga bayan azahar. Ta yi ƙara har ta katse. Na sake. Ta katse. Na sake, sai ƙawata ta fito da sanyin muryarta. Da safen nan na bar shi lafiya yana faɗa da rediyo, amma wannan bai hana ni ba. Kafin in ajiye wayar na riga na ga katifa, na ga tashar Jonquet, na ga kaina da kwali a ka. Na fita ko jaka ban ɗauka ba, na tare zem, na yi ta ce wa mai babur ya yi sauri, shi kuma yana ce mini in daina matse masa haƙarƙari.

Na faɗa gida ba sallama. Inna ta tafi kasuwa. Farar kujera tana jingine da bango, babu kowa a kai. A cikin ɗaki na same shi a kan darduma, a zaune irin zaman tahiya, hannu ɗaya a ƙasa, ƙura-ƙura a goshinsa. Wayar na can kan gado, nesa da shi kaɗan.

“Baba!”

“Yauwa, zo ki kama ni. Sauka dai na sauka lafiya, har sujada na yi. Tashin ne ya ce sai an yi shawara.”

Na sa kafaɗata a hammatarsa muka miƙe tare, a hankali, yana kiran sunan Allah ina kiran nasa. Ban share masa goshi ba, shi ma bai share ba.

“Ina jin ta tana ta kuka kamar akuya,” ya ce. “Ke ce?”

“Ni ce. Tunda ga ni, bari in yi maka tambayoyin a nan.”

“A'a. Ni na ce zan ɗaga waya. Koma wurin aikinki.”

Na san ba wasa yake ba. Na sake tare wani zem, na koma har hanyar Godomey, na zauna a ɗakina, gumi na zuba, na buga. Ƙara ɗaya ya ɗauka.

“Alo. Wa ke magana?”

“Baba, ni ce.”

“Ban san wata ni ba. Asibiti ne?”

“Asibiti ne, Alhaji. Ya jikin?”

“Da sau...” Ya tsaya. Na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. “A'a, kada ki rubuta wannan. Kina da abin rubutu? To. Wutar ƙafa ta mutu, wannan a gode wa likita. Babban yatsa har yanzu kamar na aro ne. Ƙugu yana gaishe ni duk safiya. Sujada tana yiwuwa, tashi sai da bango ko 'ya. Miyar asibitinku babu yaji, a gaya wa mai dafawa ta ji tsoron Allah.”

Na duba allon kwamfuta. Gurbin da aka bari don ƙarin bayani ɗan ƙarami ne, ya riga ya cika.

“Alhaji, tambayar ita ce kun gamsu ko ba ku gamsu ba.”

“Ban gama ba tukuna, malama. Nemo wata takardar.”

Na jawo takarda na ci gaba da rubutu.